Novy Urengoy: Garin da gas ya haifa cikin ƙanƙara, da halin da yake ciki bayan Turai ta rufe famfo

Ranar 1 ga Janairun 2025 da safe, iskar gas ta Rasha ta daina ratsa Yukren zuwa Turai. Yarjejeniyar shekara biyar da aka ƙulla a ƙarshen 2019 ta ƙare, gwamnatin Yukren kuma ta ce ba za ta sabunta ba tunda yaƙi ake yi. Daga baya Tarayyar Turai ta tsara daina sayen gas ɗin Rasha kwata-kwata kafin shekarar 2027 ta fita. Rahotanni duk sun karkata ga masu saye: wa zai kwana cikin sanyi a Moldoba, ina Slobakiya za ta samo madadi, nawa farashi zai kai a Jamus.

Amma bututu baki biyu gare shi. Wanda aka rufe ɗin sunansa Urengoy-Pomary-Uzhgorod, tsawonsa kusan kilomita 4,500. Wanda ya bi shi gabas da arewa har inda ya faro zai tarar da gari mai mutum fiye da dubu 100, da makarantu da asibitoci da filin jirgin sama, a wurin da shekara 60 da suka wuce babu kowa sai makiyaya da dabbobinsu. Sunan garin Novy Urengoy, Rashawa na yi masa kirari da babban birnin gas. Babu gona a kewayensa, ba kuma tsohuwar kasuwa ce ta tara mutanensa ba. Gas ya kawo su. Shi ya sa tambayar da ke gabansu ta fi ta Turawa nauyi: in mai saye ya tafi, me zai riƙe gari?

Ina ne wurin, me ake haƙowa

Garin yana yankin Yamalo-Nenets, a arewa maso yammacin Saiberiya, kimanin kilomita 60 kudu da da'irar Aktik. Wannan da'ira layi ne da masana taswira suka zana kewaye da ƙoƙon duniya. Daga ita zuwa arewa akwai kwanakin da rana ba ta fitowa sam a lokacin sanyi, da kwanakin da ba ta faɗuwa a lokacin zafi. Faɗin yankin ya kusa murabba'in kilomita 770,000, wato Najeriya ba ta fi shi da yawa ba, amma mutanensa rabin miliyan ne da 'yan kai. Daga nan ake fitar da kusan kashi 80 cikin 100 na gas ɗin Rasha.

Gas ɗin nan ba irin na tukunyar girki ba ne da ake cikowa a gidan mai. Na tukunya yana komawa ruwa cikin sauƙi in an matse shi a silinda. Wannan kuwa, wanda galibinsa sinadarin metan ne, hanya biyu kawai ake kai shi nesa: ko a tura shi ta bututu, ko a sanyaya shi har digiri 162 ƙasa da sifili ya zama ruwa a loda wa jirgi, abin da ake kira LNG, irin wanda ake yi a tsibirin Bonny. A kan wannan bambanci duk labarin ya ginu. Ɗanyen mai in wani ya ƙi saye sai a juya akalar jirgi a kai wa wani, kamar yadda Rasha ke yi da Indiya da Sin tun 2022. Bututu kuwa, inda aka shimfiɗa shi nan zai riƙa kai kaya, ko akwai mai saye ko babu.

Abu na biyu da ya kamata a sani shi ne ƙasar da garin ke kai. Daskararriya ce, ta shekara dubbai a haka. Samanta kaɗai ke narkewa a lokacin zafi ya koma fadama, can ƙasa kuwa tauri ne kamar dutse, muddin ba a ɗumama ta ba.

Yadda gari ya tsiro

A watan Yunin 1966 aka gano filin gas na Urengoy. Kafin nan, babban aikin da gwamnati ta taɓa kawowa wannan jeji shi ne layin dogo daga Salekhard zuwa Igarka, wanda Stalin ya sa fursunoni yi a ƙarshen shekarun 1940, aka watsar da shi bayan mutuwarsa a 1953. Har yau matacciyar hanya ake ce masa. Gas ne ya sake jawo hankalin Mosko. A 1970 Tarayyar Sobiyet ta ƙulla ciniki da Jamus ta Yamma: Jamusawa su ba da manyan bututun ƙarfe da bashi, a biya su da gas. Daga nan Saiberiya ta zama rumbun da ke samo wa gwamnati kuɗin waje.

An kafa garin a 1975, gas ya fara gudu a 1978, a 1980 aka ba shi matsayin birni. Matasa ne suka gina shi. Ƙungiyar matasan jam'iyya, Komsomol, ta kwaso su daga Yukren da Tatarstan da Bashkortostan da sauran sassan tarayyar. Wasu daga cikin gidajen farko tankunan ƙarfe ne masu kama da ganga a kwance, an lulluɓe cikinsu da abin tare sanyi, an sa gadaje da wurin dafa abinci. Sunansu ma ke nan a bakin mutane, bochka, wato ganga. Bayansu aka yi gidajen katako masu hawa biyu da niyyar su yi 'yan shekaru a rushe. Akwai iyalan da suka haifi 'ya'ya a cikinsu har suka aurar da su, kuma har yanzu gwamnatin yankin na fama da aikin rushe su da sauya wa mazauna matsuguni.

Amurka ba ta so cinikin ba tun farko. Shugaba Reagan ya sa takunkumi a kan kayan aikin babban bututun a 1981, ya tsaurara shi a 1982, amma ƙawayensa na Turai suka ƙi bin sa, dole ya janye kafin ƙarshen shekarar. An kammala bututun a 1984. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 filin Urengoy shi kaɗai na ba da kimanin kubik mita biliyan 300 a shekara. Abin da aka ɗiba daga cikinsa kawo yau ya haura kubik mita tiriliyan 6, kwatankwacin duk gas ɗin da aka tabbatar Najeriya na da shi a ƙarƙashin ƙasa.

Cinikin da ake yi da sanyi

Sanyi na ɗaukar wata takwas ko fiye. A Janairu matsakaicin yanayi kan tsaya wajen digiri 25 ƙasa da sifili, wasu ranakun ya wuce 45. A tsakiyar Disamba rana kan leƙo bayan ƙarfe 10 na safe, ta tsaya can ƙasa-ƙasa kamar mai jin kunya, kafin ƙarfe 2 ta ɓace. Ma'aikaci ya fita cikin duhu, ya dawo cikin duhu.

Safiyar irin wannan rana tana farawa ne da duba sanarwa. Uwa na son ta sani ko yau aktirovka ce, wato ranar da hukuma ke dakatar da zuwa makaranta saboda tsananin sanyi da iska. Ƙananan azuzuwa ake fara sallama, in abin ya ƙaru a haɗa da manya, yanzu kuma akan koma darasi ta intanet. A waje motoci na jere, wasu an jona su da wayar lantarki don kada man injin ya daskare, wasu an saita su su riƙa tashi da kansu cikin dare suna ɗumama. Mutum ya yi minti goma a tashar bas, gashin idonsa ya yi fari fat da ƙanƙarar numfashinsa. Ba a taɓa ƙarfe da hannu tsirara. Masu aikin waje doka ta ba su hutun shiga ɗaki su ji ɗumi lokaci-lokaci, in sanyi ya kai wani mizani a dakatar da aikin gaba ɗaya.

Cikin gida kuwa ɗumi ne har a cire rigar sanyi, domin manyan tukwanen gari na tura ruwan zafi ta bututu zuwa kowane bene. Benayen da yawa a kan turakun kankare suke tsaye, an bar sarari tsakaninsu da ƙasa iska na ratsawa, don kada zafin gida ya narkar da abin da ke ɗauke da shi. Lokacin zafi gajere ne, dare ba ya duhu, sai dai fadamu na ƙyanƙyashe sauro da ƙananan ƙudaje masu cizo, har ma'aikatan daji na rufe fuska da raga.

To me zai sa mutum ya zauna? Amsar tana cikin dokar ƙwadago, kuma gado ce daga zamanin Sobiyet. Mai aiki a yankunan da doka ta kira Arewa Mai Nisa yana samun ƙari iri biyu. Na farko ƙarin yanki ne, wanda a nan yake tsakanin kashi 50 zuwa 80 na asalin albashi. Na biyu ƙarin daɗewa ne, yana hawa a hankali har ya kai kashi 80 cikin kimanin shekara biyar. Wanda asalin albashinsa rubul 100 ne, in ƙarin yankinsa 70 ne kuma ya cika shekarunsa, 250 zai karɓa. Akwai ƙarin kwana 24 a kan hutun shekara, da kuɗin jirgi zuwa hutu sau ɗaya a shekara biyu. Mata awa 36 suke yi a mako maimakon 40, albashi bai ragu ba. Wanda ya yi shekara 15 a arewa yana yin ritaya shekara biyar kafin sauran 'yan ƙasa. Matsakaicin albashin yankin ya kusa ninka na Rasha baki ɗaya.

Ciniki ne a fili: ka ba da ƙuruciyarka ga sanyi, ka tara kuɗi, ka sayi gida a kudu, ka koma. Ko a bakin mutane ana jin haka. Sauran Rasha "ƙasa" suke ce mata, in za su hutu sai su ce za su tafi ƙasa, kamar waɗanda ke zaune a kan jirgin ruwa. Tyumen da Ufa da Krasnodar cike suke da gidajen 'yan arewa. Sai dai da yawa sun zo da niyyar shekara uku suka yi talatin, 'ya'yansu kuma ba su san wani gida ba sai wannan. Gyaran dokar fansho da ya fara aiki a 2019 ya taɓa wannan ciniki, domin ya ɗaga shekarun ritayar 'yan arewa daga 55 zuwa 60 ga maza, daga 50 zuwa 55 ga mata. Ƙarin shekara biyar a cikin wannan sanyi ba ƙaramin abu ba ne.

Kuma ba kowa ne ma'aikacin Gazprom, babban kamfanin gas na gwamnatin Rasha, ba. Akwai 'yan kwangila, da direbobin tasi, da masu jiran shago, da leburorin gini daga Tajikistan da Kirgizistan. Su ma farashin tumatir da kuɗin haya iri ɗaya suke biya da injiniyan kamfani, alhali abin da ke shiga aljihunsu bai kama ƙafar nasa ba.

Sallah da azumi inda rana ba ta bin ƙa'ida

Musulmi na da yawa a garin: Tatar, Bashkir, mutanen Dagestan da Checheniya da Azarbaijan, da baƙin Asiya ta Tsakiya. A shekarun 2015 zuwa 2017, da Ramadan ya faɗo a watan Yuni, akwai ranakun da rana ba ta faɗi ba, ko ta faɗi ta sake ɓullowa kafin a gama shan ruwa. Malamai sun rabu. Wasu sun ce muddin rana na faɗuwa a bi ta komai tsawon yini, wanda ya gaza ya rama. Wasu sun ce a bi lokacin gari mafi kusa da dare da rana ke rarrabewa, wasu kuma lokacin Makka. Muhawarar tsohuwa ce a wajen Musulmin Rasha. Tun ƙarni na 19 malamin Kazan, Shihabuddin Marjani, ya kafa hujja cewa sallar isha'i ba ta faɗuwa ko da shafaƙi bai ɓace ba. A ƙarshen Disambar 2030 lamarin zai juye, Ramadan zai kama a tsakiyar duhu, azumin farkonsa kimanin awa bakwai ne daga alfijir zuwa faɗuwar rana.

Kasuwa ta watse

A 2021 kusan kashi 45 cikin 100 na gas ɗin da Tarayyar Turai ke shigowa da shi daga Rasha yake. Bayan mamayar Yukren a Fabrairun 2022 hanyoyin suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Bututun da ke bi ta Belarus da Poland ya tsaya. Nord Stream, wanda ke bi ta ƙarƙashin tekun Baltik zuwa Jamus, Gazprom ya dakatar da shi a ƙarshen Agusta, a 26 ga Satumba kuma aka fasa shi da abin fashewa. Na Yukren ya ci gaba da aiki har bayan sojojin Yukren sun kama garin Sudzha na Rasha, inda tashar awon gas ɗin take, a Agustan 2024, sannan ya rufe da ƙarewar yarjejeniya. TurkStream, mai bi ta Turkiyya, shi ya rage.

Gazprom ya haƙo kubik mita biliyan 515 a 2021, a 2023 ya sauko zuwa kimanin 359. A wannan shekarar ya yi asarar rubul biliyan 629, karo na farko cikin fiye da shekara 20.

Gwamnati da kamfanin na cewa wannan sauyin alƙibla ne, ba faɗuwa ba. Hujjarsu uku: Sin za ta saya, za a ƙara kai gas ga ƙauyukan Rasha da masana'antun cikin gida, za a kuma faɗaɗa LNG. Suna nuna tashar Sabetta a gaɓar Yamal, ta kamfanin Novatek da abokan hulɗarsa na Faransa da Sin, wadda ta fara aiki a Disambar 2017, jiragenta masu fasa ƙanƙara na kai kaya gabas da yamma.

Masu suka, ciki har da masana tattalin arziki na Rasha, na cewa ba a nan gizo ke saƙar ba. Bututun da ke kai gas Sin tun Disambar 2019, mai suna Ƙarfin Saiberiya, daga filayen gabas yake ɗiba, can Yakutiya da Irkutsk, ba a haɗa shi da Yamal ba. Wanda zai haɗa, na biyun, mai bi ta Mongoliya da kubik mita biliyan 50 a shekara, an sa hannu a kan takardar fahimta a Satumbar 2025 ba tare da an bayyana farashi ba, ginin kuma zai ci shekaru. Ko an gama, biliyan 50 bai kai kashi ɗaya cikin uku na abin da Turai ke saye a da ba. Sannan mai kaya in mai saye ɗaya gare shi, mai sayen ke yanka farashi. Ta ɓangaren LNG ma, sabuwar tashar Arctic LNG 2 na ƙarƙashin takunkumin Amurka tun Nuwambar 2023. A kan alƙaluma, hujjar masu sukar ta fi ƙarfi a shekarun da ke tafe kusa. Abin da ba a iya yankewa yanzu shi ne yadda kasuwa za ta kasance in yaƙin ya ƙare.

Rijiya ta tsufa, ƙasa na narkewa

Ko da Turai ba ta tafi ba, akwai matsalar da ta riga yaƙi. Gas ɗin da ya gina garin yana wani shimfiɗin ƙasa mai zurfin kilomita ɗaya da 'yan kai, mai sauƙin haƙa, mai fitowa da ƙarfin kansa. An kwashe mafi yawansa. Ƙarfin turowarsa ya ragu, sai an sa injunan matsawa suna taimaka masa, su ma gas suke ci. Akwai sauran arziki a ƙasa, a shimfiɗin da ake kira Achimov, mai zurfin kusan kilomita huɗu, amma haƙo shi na da tsada da wuya. Kamfanin Wintershall na Jamus ne abokin aikin Gazprom a kansa tun 2003. Ya sanar da ficewa a farkon 2023, a ƙarshen shekarar kuma Shugaba Putin ya sa hannu a dokar karɓe hannun jarinsa. Sababbin manyan filayen suna can arewa, kamar Bovanenkovo da ya fara aiki a 2012, ɗaruruwan kilomita daga garin.

Sai ƙasar kanta. Binciken masanan Finlan da ya fito a 2022 ya nuna yankin Aktik na ɗumama kusan ninki huɗu na sauran duniya tun 1979. In daskararriyar ƙasa ta yi laushi, turakun da ke ɗauke da bene sai su fara nutsewa ba daidai ba, bango ya tsage, titi ya lotsa, bututu ya karkace. A 2014 aka ga wani ƙaton rami ya buɗe a jejin Yamal, ba nisa da Bovanenkovo, masana suka danganta shi da gas da ya taru ƙarƙashin ƙanƙara ya fashe. A Mayun 2020 a Norilsk, garin ma'adinai da ke gabas, tankin dizal ya fashe ya zubar da tan 21,000. Kamfanin ya ɗora laifin kan narkewar ƙasa, hukumomi suka ce sakacin gyara ne, kotu ta ci shi tarar rubul biliyan 146. Akwai dabarun sanyaya ƙasa da bututun da ake kafawa kewaye da gini, suna kuma aiki. Kuɗi suke ci, a daidai lokacin da kuɗin ke raguwa.

Masu wurin tun asali

Sunan Yamal daga harshen Nenets yake, ma'anarsa ƙarshen ƙasa. Nenets ba su kai dubu 50 ba a duk Rasha, dubbai daga cikinsu har yau makiyaya ne. Suna kiwon wata irin barewa mai rassan ƙaho, ita ce namansu da suturarsu da abin hawansu, suna kwana a tantin fata mai tsini da ake kira chum. Garken yankin ya taɓa kai wajen 700,000, babu kamarsa a duniya. Wasu iyalan kan yi ɗaruruwan kilomita kowace shekara, arewa da zafi, kudu da sanyi.

Burtalinsu yanzu ya ratsa tituna da layin dogo da bututu. A Bovanenkovo, ranar da ayari zai tsallaka, kamfani kan tsayar da motoci ya shimfiɗa wani kyalle mai santsi a kan titi don a ja kekunan ƙanƙara a kai. Kamfanonin na nuna irin wannan, da diyya da asibitoci da jiragen sama masu saukar ungulu da ke ɗauko marasa lafiya, a matsayin shaidar zaman lafiya. Makiyaya da yawa ba su musa amfanin ba, suna sayar wa ma'aikata nama da kifi, suna samun mai da layin waya. Kukansu shi ne makiyaya ta ragu, koguna sun lalace, kuma ba a cika jin ta bakinsu kafin a yanke shawara ba. Jami'ai da wasu masana kuma na cewa dabbobin ne suka fi ƙarfin ciyawar, a rage su, maganar da makiyayan ke kallo a matsayin ɗora musu laifin abin da ba su suka jawo ba.

Yanayi ya ƙara dagula lissafin. A ƙarshen 2013 ruwan sama ya sauka a kan dusar ƙanƙara ya daskare, dabbobi suka kasa tono abinci, kimanin 61,000 suka mutu. A 2016 zafi mai tsanani ya tayar da cutar antaraks, wadda makiyayanmu ke kira saifa, ta kashe dabbobi sama da 2,000 da yaro ɗan shekara 12. Iyalin da garkensa ya ƙare sai ya koma ƙauye, inda aikin yi ya yi ƙaranci.

Inda abin ya taɓa Najeriya da Nijar

Gas shi ne babban sinadarin takin yuriya, don haka tashin farashinsa a 2022 na cikin abin da ya tsauwala kuɗin buhun taki har a kasuwannin arewa. Sannan giɓin da Rasha ta bari ya sa Turawa waiwayar Afirka. A Yulin 2022 Najeriya da Nijar da Aljeriya suka sa hannu a kan takardar farfaɗo da bututun da zai ratsa Sahara, mai tsawon fiye da kilomita 4,000 da kubik mita biliyan 30 a shekara, wanda bututun Ajaokuta-Kaduna-Kano mai kilomita 614 zai zama ƙafarsa ta farko. Amma Amurka ce ta kwashe mafi yawan kasuwar da LNG ɗinta, Norway kuma ta zama babbar mai kai wa Turai gas ta bututu. Kamfanin NLNG mai tashar Bonny ma a Oktobar 2022, lokacin da farashi ke sama, sanarwa ya yi cewa ambaliya ta hana shi cika alƙawuran kaya. Duk mai lissafin bututun Sahara yana da abin dubawa a Urengoy: bututu mai wannan tsawo aure ne da mai saye guda na shekara talatin ko arba'in, Turai kuma ta ce tana son rage ƙona gas ɗin kansa, ba na Rasha kaɗai ba.

Gari ko sansani?

Tun zamanin Sobiyet ake gardama a kan ko ya dace a gina birane a irin wannan wuri. Ɗaya hanyar ita ce vakhta, aikin karɓa-karɓa mai kama da ci-rani: a ɗauko ma'aikaci a jirgi, ya yi wata guda yana aikin awa 11 ko 12 a rana, a mayar da shi gida ya huta, wani ya karɓe shi. Doka ta ce zango ɗaya kada ya wuce wata, sai da dalili na musamman a kai shi wata uku. Da aka zo buɗe filin Yamburg a tsakiyar shekarun 1980, wannan tsarin aka zaɓa, ba a sake gina wani Novy Urengoy ba.

Masu goyon bayan vakhta lissafi suke yi. Kowane ma'aikaci ɗaya a gari yana tafe da mata da 'ya'ya da tsofaffi, kowannensu na buƙatar makaranta da likita da ɗumi na wata tara. A sansani gado da kanti kawai za a tanada. Masu adawa na cewa ƙasa ba ta riƙe yankinta da baƙin wata guda, wanda ba gidansa ba ne ba ya kula da kogi ko daji, kuma rabuwar wata-wata na cin aure da tarbiyyar yara. Akwai kuma 'yan garin da aka haifa a can, waɗanda ba lissafi ya kawo su ba, can ne kaburburan iyayensu suke.

Ga talakan gari, hatsarin ba wai a wayi gari an kashe wuta ba ne. Rasha kanta na ƙona gas mai yawa, rijiyoyin za su ci gaba da aiki shekaru masu yawa, garin kuma shi ne mashigar jirgin ƙasa da na sama zuwa sababbin filayen. An ma buɗe masa sabon ginin filin jirgi a ƙarshen 2022. Abin da ake tsoro zaizaya ce a hankali. Harajin haƙo gas Mosko ke karɓa, yankin kuwa ya dogara ne da harajin ribar kamfanoni da na kadarorinsu da na albashi. In riba ta ragu, 'yan kwangila ake fara sallama, sai gyaran tituna da rushe gidajen katako su ja baya. Mai shirin ritaya kuma duk tanadinsa na cikin gidan da yake son ya sayar ya koma kudu, in masu saye suka ragu ya maƙale. Vorkuta, garin kwal da ke yammacin tsaunukan Ural, ya bi wannan hanya: mutanensa sun haura dubu 110 a 1989, ƙidayar 2021 ta samu ƙasa da dubu 60, har akwai masu miƙa wa hukuma gidajensu kyauta don su huta da biyan kuɗin ɗumama su. Mutanen Nijar sun ga irin wannan a Arlit bayan rufe mahaƙar yuraniyom ta Cominak a Maris ɗin 2021.

Novy Urengoy bai kai nan ba, yawan mutanensa ma bai ragu ba tsakanin ƙidayar 2010 da ta 2021. Amma inda sabon jari ke tafiya a bayyane yake. Bovanenkovo da Sabetta, manyan ayyukan yankin na shekarun nan, duka sansanonin vakhta ne. Akwai ɗakunan kwana da kantin abinci da wurin motsa jiki da filin jirgi, ba a zuwa da iyali.